Batirin litiyam ko na dalma a motar kwana da karaban: wa zai canza, wa zai zauna inda yake

Da misalin ƙarfe uku na dare hita ta yi wani ɗan ƙara ta tsaya. Muna gefen teku a arewacin Sikotland, kan hanyar nan mai tsawon mil 516 da ake kira North Coast 500, cikin watan Oktoba, ba sandar wuta, ba gida kusa. Uwargida ta taɓa ni ta ce, "Maigida, abin nan ya mutu fa, yanzu yaran za su farka." Na lalubi allon da ke saman ƙofa na danna, ya nuna bolt 11.4. Tukunyar gas cike take, amma fankar da ke hura ɗumin da batir take juyawa, batir kuwa ya ce ga garinku nan. Muka lulluɓe yara da duk abin da ke motar, har da dardumar salla, muka zauna jiran asuba.

Batura biyu ne na dalma a ƙarƙashin kujera, kowanne 95Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa), shekararsu uku. Daren nan ne ya sa na fara bin maganar litiyam, kuma sai da na kashe kuɗin da ban shirya kashewa ba kafin na gane abin da ya kamata in fara ganewa: wanda ya koma litiyam ba batir kawai ya canza ba, tsarin wutar motarsa ya taɓa gaba ɗaya.

Ga wanda bai saba da waɗannan motoci ba, iri biyu ne a nan Turai. Akwai motar kwana, wato babbar mota mai injinta da aka gina wa gado da madafa da banɗaki a baya, galibi a kan Fiat Ducato ko Peugeot Boxer ko Ford Transit ko Mercedes Sprinter. Akwai kuma karaban, ɗaki mai ƙafa wanda ba shi da inji, sai an ɗaura shi a bayan mota an ja. Dukkansu suna da batirin zama, daban da wanda ke tayar da inji. Shi ne ke riƙe fitilu da famfon ruwa da fankar hita da cajin waya, a wasu motocin har da firij. Maganarmu a kansa take. Batirin tayar da inji a bar shi na dalma yadda yake, ba ya cikin wannan gardama.

Lambar da ke jikin batir da wutar da za ka sha

Batirin dalma tsohon hannu ne. Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙirƙiro shi a 1859, kuma har yau asalin aikin bai canza ba: farantan dalma a cikin ruwan batir. Akwai mai ruwa wanda ake buɗewa a ƙara masa, akwai rufaffen da ake kira AGM, akwai mai kauri kamar kunu da ake kira jel. Duk dangi ɗaya ne, kuma halinsu ɗaya: ba sa son a kwashe su. Idan an rubuta 100Ah, rabin nan ne naka. Ka wuce rabi sau da yawa, gishiri ya fara kama farantan, ƙarfinsa ya riƙa raguwa ba tare da ya gaya maka ba. Nawa biyun a takarda 190Ah ne, abin da zan iya sha lafiya 95Ah tun suna sababbi, kuma bayan shekara uku na sakaci ina zaton ko 60 ba su kai ba.

Akwai wata dabara kuma a lambar. Ana auna batirin dalma ne da shan wuta a hankali na tsawon awa 20. Da zarar ka ɗora masa abu mai jan wuta da ƙarfi, irin inbata da butar lantarki, abin da zai ba ka ya yi ƙasa da lissafin nesa ba kusa ba.

Litiyam ɗin da ake sa wa waɗannan motoci shi ne wanda za ka ga an rubuta LiFePO4 a jikinsa, haɗin litiyam da ƙarfe da fosfet. Daga ɗakin binciken John Goodenough a Jami'ar Texas ya fito a wajen 1996 da 1997, mutumin da ya karɓi kyautar Nobel a 2019 yana da shekara 97. Na kawo sunan haɗin ne saboda fargabar gobara. Labaran kekunan lantarki da ke kamawa da wuta a gidajen Landan galibi wani haɗin ne daban, mai nikel da kobalt, ko caja mara kyau. Wannan mai ƙarfe da fosfet ya fi su sanyin hali ƙwarai, da wuya ya kama wuta da kansa. Haɗarinsa a wani wuri yake, zan zo kansa.

A cikinsa akwai ƙwayoyi huɗu, kowacce bolt 3.2, jimla 12.8. Mai 100Ah zai ba ka 90 ko fiye ba tare da ya ji ciwo ba, kuma ko ka ja da ƙarfi ko a hankali kusan abu ɗaya zai bayar. Wato litiyam ɗaya mai 100Ah ya tsaya a madadin na dalma biyu. Masu ƙera na dalma kan yi maganar cikawa da sauka sau ɗari biyu zuwa ɗari biyar, masu litiyam kuwa dubu biyu zuwa sama. Ni dai ban cika kafa hujja da wannan lambar ba. Mai fita dare arba'in a shekara, sai ya yi shekara hamsin kafin ya cika dubu biyu. Tsufa ne zai kashe batirin, ko na'urar da ke cikinsa ta lalace, tun kafin a kai can.

Nauyi

Wannan a gurguje, domin ba gardama a ciki. Na dalma mai 100Ah ya kan kai kilo 23 zuwa 30. Litiyam mai wannan lamba kilo 11 zuwa 13. A Birtaniya nauyi magana ce ta doka: wanda ya ci jarrabawar tuƙi daga 1 ga Janairun 1997 zuwa yau, lasisinsa na ƙaramar mota ya tsaya a kilo 3,500, shi ya sa yawancin motocin kwana aka yi musu rajista daidai wannan iyaka. Ka cika tankin ruwa lita 100, ka zuba iyali da kekuna da tukunyar gas biyu da buhun shinkafar da ba ma tafiya ba shi, sai ka tarar ka kusa taɓa layi. Na cire kilo hamsin na dalma na sa kilo ashirin da 'yan kai na litiyam mai 200Ah. Ragin kusan kilo talatin ke nan, kuma wutar da zan sha ta kusa ninkawa.

Caji, inda kuɗin ke ɓuya

Batir randa ce, ba rijiya ba. Girmanta bai ƙara maka ruwa ba, sai an samu mai zubawa. Masu talla suna son kalmar "cire ka sa", su ce ka ɗauke tsohon ka ajiye sabon a gurbinsa shi ke nan. Na yarda da su, na yi hakan, kuma abin da ya biyo baya shi ne wannan.

Hanya uku wuta ke shiga batirin zama: daga inji lokacin tafiya, daga sandar wuta ta sansani mai bolt 230, da kuma farantin sola a rufi. Kowacce an tsara ta ne da halin dalma a zuciya.

Fara da inji. A tsofaffin motoci akwai wani ɗan makunni da ke haɗa batirin zama da altaneta, wato na'urar da inji ke juyawa ta ba da wuta, da zarar inji ya tashi. Batirin dalma mai kunya ne, yana karɓar wuta daidai gwargwado, yana cika yana rage ci da kansa. Litiyam ba shi da wannan kunyar. In ya sauka ƙasa, duk abin da aka miƙo masa sai ya haɗiye ya nemi ƙari. Ranar farko da na tashi da nawa yana kusan kashi 20 cikin ɗari, ban yi minti goma a hanya ba na ji warin roba. Na tsaya na ɗaga kujera, fiyus ya ƙone, wayar kuma da zafi kamar an ciro ta daga murhu. Allah ya taimake ni fiyus ɗin ya yi aikinsa. Da ya fi ƙarfin wayar, da labarin ya sha bamban. Wanda wayarsa ke da kauri kuma, nauyin kan altaneta yake komawa, musamman idan inji na aiki a tsaye ba iskar da za ta sanyaya ta.

Sababbin motoci matsalarsu akasin haka ce. Daga wajen 2016, da ƙa'idar hayaƙi ta Euro 6, da yawa sun zo da altaneta mai wayo: in ta ga batirin inji ya cika sai ta sauke bolt ƙasa don tsimin mai, in ka ɗaga ƙafa daga totur ta ɗaga shi har kusan 15. A irin wannan mota za ka iya tuƙi daga Manchesta zuwa Inbanes can arewacin Sikotland batirin zama bai samu abin kirki ba.

Maganin duka biyun ɗaya ne: caja ta tsakanin batir da batir, wadda ake rubutawa DC-DC ko B2B. Tana karɓa daga inji ta tace, ta ba litiyam daidai abin da aka ƙayyade mata, am 30 ko 50 (am shi ne ma'aunin yawan wutar da ke gudana a waya), a kan bolt 14.2 zuwa 14.4 da yake so. Victron ta ƙasar Holan da Sterling ta Birtaniya da Renogy duk suna yin ta. Mai am 30 na sa. Tuƙin awa biyu ya mayar mini da 60Ah, kusan abin da muke sha a yini. Wannan ne ainihin ribar litiyam a wurina, fiye da girman randar: saurin cika. Na dalma kan yi sauri har kashi 80, sannan ya shiga jan ƙafa na awoyi kafin ya ƙarasa, kuma in ba ka bar shi ya ƙarasa ba, nan ma gishiri ne. Litiyam na karɓa da ƙarfi ɗaya har kusan bakinsa, kuma bai damu ba ko ka bar shi a rabi wata guda.

Sai dai a kula: in an sa sabuwar cajar, dole a kashe tsohon makunnin, in ba haka ba wuta ta bi ta bayan gida ta tsallake ta. A motocin da komai ke cikin akwati ɗaya, irin na Sargent a motocin Birtaniya ko Schaudt a na Jamus ko CBE a na Italiya, gano wayar da za a cire ba aikin kame-kame ba ne. Nan na ajiye girman kai na kai wa mai gyaran wutar mota, wanda a gida muke kira rewaya. Bambancin kawai shi ne na nan da awa yake lissafi.

Cajar wutar sansani ta fi sauƙi. In tana da maɓallin litiyam, ka juya shi, magana ta ƙare. In ba ta da shi amma tana da na jel, mutane da yawa na zaune lafiya da wannan. Tsofaffin da ke ba da bolt 13.8 a tsaye za su cika shi, amma a hankali. Abar gudu ita ce cajar da ke da tsarin wanke gishirin dalma, mai ɗaga bolt sama da 15 lokaci-lokaci. Wannan a fitar da ita. Haka na'urar sola: duba ko tana da tsarin litiyam, in ba ta da shi sabuwa mai MPPT, wato irin wadda ta fi tatso wuta daga faranti, ba ta da tsada sosai. Amma kada kowa ya ruɗi kansa da sola a hunturun Birtaniya. A watan Disamba hasken rana wajen awa takwas ne kacal a Ingila, ranar ma a kwance take can ƙasa bayan gajimare. Farantin wat 100 da ke cika maka batir a Yuni, a Disamba da ƙyar ya caja wayoyi. Duk sanda na kalli allon a irin wannan rana sai na tuna yadda muke gudun rana a Kano muna neman inuwa.

Akwai abu na huɗu da ba caja ba ne amma ya zama dole. Allon da ke saman ƙofa da bolt yake gane cikar batir: 12.7 ya cika, 12.1 ya kai rabi. Litiyam kuwa tsakanin 13.3 da 13.0 yake wuni, daga kusan cike har ya kusa ƙarewa. Allon zai riƙa yi maka murmushi yana cewa komai lafiya, sai kawai fitilu su ɗauke. Ana buƙatar ma'aunin da ke ƙirga wutar da ta shiga da wadda ta fita, wanda ake ɗaurawa a kan wayar nagetif, ko kuma batir mai Bluetooth da ke nunawa a waya. Na wayar ya wadatar ga yawancin mutane, ko da yake ya kan ɗan ɓata lissafi in an daɗe ba a cika batirin fal ba.

Haɗarin da na ce zan zo kansa shi ne wannan: in wayoyi biyu suka haɗu, litiyam na iya turo dubban am cikin ƙiftawar ido. Ba batirin ne zai ƙone ba, waya ce za ta zama garwashi a ƙarƙashin gadon da yara ke kwance. Fiyus mai kyau dab da kan batir, waya mai kaurin da ya dace, kusoshi a ɗaure tam. Mai son inbata ta wat 2,000 ya sani za ta ja kusan am 180 daga bolt 12, waya mai kaurin yatsa take so. Kuma a sanar da kamfanin inshora cewa an taɓa wutar motar. Kira ɗaya ne.

Sanyi

Nan na dalma ya rama. In sanyi ya yi tsanani ƙarfinsa na raguwa, amma yana karɓar caji. Litiyam zai ba ka wuta har ƙasa da sifili da nisa, masu ƙera shi kan ce har digiri 20 ƙasa da sifili, amma ba a yi masa caji in ƙwayoyinsa sun sauka ƙasa da sifili. In aka matsa, ƙarfen litiyam ya kwanta a kan farantin ciki, ɓarnar da ba ta gyaruwa.

Kowane irin wannan batir na da mai gadi a ciki, wata na'ura da ake kira BMS. Ita ke yanke wuta in caji ya yi yawa, ko ya sauka ƙasa ainun, ko an ja fiye da ƙima. Mai kyau tana kuma hana caji in an yi ƙanƙara. Masu araha da yawa ba su da wannan, kuma tallarsu ba za ta faɗa ba sai ka tona. Tambayar farko da za a yi wa mai sayarwa ke nan. Wata safiya a Janairu, bayan motar ta kwana uku a waje ba kowa ciki, na tayar da inji na ga ko am ɗaya ba ya shiga. Na ɗauka wani abu ya sake ƙonewa. Ashe mai gadin ne ya rufe ƙofa. Na kunna hita rabin awa, ɗaki ya yi ɗumi, caji ya dawo. Wanda batirinsa ke cikin ɗaki ƙarƙashin kujera, iyakar wahalarsa ke nan. Wanda nasa ke akwatin waje, ko mai zuwa tsaunukan Alps wasan ƙanƙara, ya ƙara kuɗi ya sayi mai hita a ciki, wanda ke ɗumama kansa da wutar caja kafin ya fara karɓa.

Mai karaban

Maƙwabcina dattijo ne ɗan Yokshaya a arewacin Ingila, ya yi ritaya, karaban ɗinsa ta girmi babbar 'yata. Da ya ga ina ta shige da fice da wayoyi, ya leƙo ta kan shinge ya tambaye ni dare nawa nake yi ba sandar wuta. Na ce kusan talatin a shekara. Ya ce shi ko ɗaya. Mamba ne na Caravan and Motorhome Club, ƙungiyar da aka kafa tun 1907, duk inda ya sauka akwai sandar am 16 tana jiran sa. Batirinsa na dalma ya shekara shida, aikinsa kawai ya juya na'urar da ke tura karaban ta shiga ƙofar gida. Wannan mutum in ya sayi litiyam ya yi asarar kuɗinsa, kuma ya san haka.

Ƙungiyar masu ƙera karaban ta Birtaniya, NCC, ta raba batura aji uku don irin wannan. Ajin A na mai yawan kwana ba wuta, B na mai sauka inda ke da wuta amma yana da na'urar turawa, C na mai buƙata kaɗan. Maƙwabcina ɗan B ne tsantsa.

Mai karaban da ke son ƙananan gonakin nan masu karɓar mota biyar kacal, waɗanda wasunsu ba su da wuta, shi lissafinsa daban. Ragin kilo goma sha biyu ba ƙaramin abu ba ne a karaban, inda kayan da aka yarje maka ka ɗauka sau da yawa ba su wuce kilo 150 da 'yan kai ba. Amma abu uku na jiran sa. Akwatin batirin karaban a waje yake, cikin sanyi, kuma ƙarami ne, sai a auna kafin a saya. Girman da aka fi sabawa da shi milimita 353 a tsawo, 175 a faɗi, 190 a tsaye. Na biyu, na'urar turawa kan fizgi wuta mai yawa lokacin da za ta motsa, musamman a gangare ko kan ciyawa mai laima, kuma BMS mai iyakar am 100 na iya yankewa karaban na tsakiyar hawa. A duba abin da na'urar ke ja a gwada da iyakar batirin. Na uku, wutar da ke zuwa daga motar da ke ja ta cikin fulogi mai ƙafa 13 'yar kaɗan ce, wayar doguwa ce siririya, firij ma na ci daga nan. Saurin cikar da nake yabo bai shafe shi ba sai ya ja waya ta musamman. Sola ce abokiyarsa, kuma daga Afrilu zuwa Satumba ta ishe shi.

Lissafin aljihu

Kafin kowa ya duba farashi, ya zauna da biro ya ƙirga abin da yake sha a yini. Namu a daren sanyi: firij mai kwamfaresa wajen 35Ah, fankar hita kusan 18, fitilu da famfo 6, wayoyi da kwamfuta 12. Kusan 70 ke nan. Wanda firij ɗinsa ke aiki da gas ya cire rabin wannan nan take, kuma batirin dalma ɗaya mai lafiya zai kai shi dare biyu a bazara. Mutane da yawa da ke kukan batir, ba litiyam suke buƙata ba, sabon batir kawai suke buƙata da ɗabi'ar cika shi da zarar sun dawo gida.

Abin da na kashe ni: batir mai 200Ah wajen fam 500, cajar inji kusan 200, sabuwar cajar sansani 150, ma'auni 100, waya da fiyus 80, ladan mai gyara 250. Ya tasam ma fam 1,300. AGM biyu masu kyau da sun tsaya mini a wajen 300. Batirin kansa bai kai rabin kuɗin ba, kuma farashinsa ya faɗi sosai, domin 'yan shekarun baya mai 100Ah kaɗai na neman fam dubu. Sauran kayan ne ba sa sauka.

Kwalliya ta biya kuɗin sabulu? In da kuɗi zalla za a auna, sai bayan shekaru. Dare talatin a shekara ba kuɗin wutar sansani, da batura biyu da ba zan sake saya duk shekara uku ko huɗu ba, a hankali za su cike gurbin. Wanda zai sayar da motarsa baɗi ba zai ga kuɗinsa ba. Ni abin da na saya shi ne kwana uku a wuri ɗaya ba tare da ina leƙen allo ba, da damar tsayawa a ƙananan wuraren kwanan motoci na garuruwan Faransa da Jamus inda sau da yawa wuta babu, ko kuma sai ka jefa kwabo. Da azumin bara muka yi sahur a bakin wani tafki a Kumbriya, arewacin Ingila, uwargida ta ɗora tukunyar shinkafa ta lantarki, hita na aiki, ba wanda ya tambaye ni ko batir zai kai.

Saboda haka ga yadda zan raba. Mai sauka a sansani mai wuta kusan kullum, ya zauna a dalma, ko mai ruwa ko AGM. Mai fita ƙarshen mako a bazara, firij na gas, sola a rufi, shi ma ya zauna, in ya ga dama ya canza ranar da na yanzu ya mutu. Mai motar kwana da ke yin dare biyu zuwa sama ba wuta, ko mai fita da sanyi, ko mai firij na kwamfaresa da inbata, ko wanda nauyi ya matse, ya canza, amma ya sa kuɗin cajar inji a lissafi tun ranar farko. Abin da ba a yi shi ne rabi da rabi: haɗa na dalma da litiyam a layi ɗaya don tsimi. Bolt ɗinsu ba ɗaya ba ne, cajin da suke so ba ɗaya ba ne, ɗaya zai riƙa zuba wa ɗaya.

Ƙanina ya kira ni daga Kano ina tsakiyar wannan aiki. Na nuna masa batirin ta bidiyo, na ɗaga shi da hannu ɗaya. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai mu ma maganar da ake yi ke nan a nan. Dogayen batura huɗu na inbata sun fara gajiya, kowa na cewa in koma litiyam." Nasa masu 220Ah ne, kowanne sai mutum biyu sun kama. Na ce masa haɗin ɗaya ne, na gida dai ƙwayoyi 16 ake jerawa su ba da bolt 51.2, mai 100Ah ya riƙe wuta kilowat 5 na awa guda da ɗoriya. Kuma lissafin ya fi yi masa kyau fiye da ni: ni dare talatin a shekara, shi kowane dare sai batir ya sauka ya hau, don haka dubu biyun nan da na raina, shi cikin shekara shida zai cinye su. Ƙanƙara ba ta dame shi ba. Zafi ne abokin gabarsa, domin na dalma kan rasa kusan rabin rayuwarsa duk sanda zafin wurin ya ƙaru da digiri goma a kan 25, litiyam ma na saurin tsufa, kuma yawancinsu ba a so a yi musu caji sama da digiri 45. Na tambaye shi inda yake ajiye su. Ya ce a ɗan shagon nan na bayan gida mai rufin kwano. Na ce kafin ya sayi komai ya fara nemo musu wani ɗakin, sannan ya ɗauko mini hoton bayan inbatar in ga ko tana da tsarin litiyam.